Daga kwalin Baffa zuwa faifan Legas: yadda na bi sawun Yusef Lateef

Ranar da muka je kwashe wa Baffa kaya daga tsohon gidansa na Samaru, a ƙarƙashin gado muka jawo wani kwalin sabulu ɗaure da tsumma. Na ɗauka takardun aiki ne. Da na kwance sai ga faya-fayen garmaho goma sha bakwai, ƙura ta yi musu bargo. Yawanci na gida ne, irin su Shata da Ɗanmaraya, sai 'yan kiɗan Gana. Guda biyu ne baƙi a cikinsu: ɗaya an rubuta Eastern Sounds da sunan Yusef Lateef, ɗayan kuma The African Beat na Art Blakey. Baffa ya karɓi na farkon ya kaɗe shi a gefen rigarsa, ya ce, "Ai wannan mutumin a nan Samaru ya zauna, muna ganinsa. Ɗauki, in ka iya sa su yi magana, naka ne." Na ce, "Baffa, Ba'amurke ne fa." Ya ce, "To, Ba'amurke ba ya zama a Zariya?" Wannan maganar ce ta cinye mini wata goma sha huɗu da kuɗin da har yau ban faɗa wa uwargida adadinsu ba. Na rubuta abin da ya faru daki-daki ne domin wanda ya tsinci irin wannan kwali kada ya bi ta ramukan da na faɗa.

Abu na farko shi ne na'urar da za ta juya faifan. Na samu wata a wajen masu kayan gwanjo a Sabon Gari, mai kyan gani, an shigo da ita daga Amurka. Mai kayan ya haɗa mini da ƙaramar taransifoma, ya ce wutarsu ta can bolt 120 ce, tamu kuwa ta haura 200, da wannan shike nan. Na kai gida na jona da amfilifaya, sauti ya fito can ƙasa kamar mai magana daga cikin rijiya. Kwana biyu ina zargin allura. Ashe irin wannan na'ura tana bukatar mashiga ta musamman da ake rubuta Phono a jikinta, ko kuma ɗan akwatin da ke ƙara wa sautin ƙarfi kafin ya isa amfilifaya. Na sayo akwatin, sauti ya fito, amma kiɗan ya zo da wata irin kasala, sarewa tana ja kamar makaɗin yana jin barci. Da yake ban taɓa jin faifan ba, na kwana uku ina cewa haka jazz yake. Sai da na ɗora faifan Shata, na ji muryar da na sani tun ina yaro ta koma ta wani ƙato, sannan na gane da matsala. Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya warware mini, bayan ya riƙe na'urar mako guda. Ya ce, "Yaro, taransifoma ƙarfin wuta take ragewa, ba ta canza bugunta." Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, injin wannan na'ura kuwa da bugun wutar yake ƙidaya gudunsa. Faifan da ya kamata ya zaga sau 33 da sulusi a minti, a wajena bai kai 28 ba. Haka na sayar da ita da asara, na nemo wadda aka yi wa Ingila, mai 'yan ɗige-ɗige a gefen farantin da ke nuna ko gudun ya daidaita. Duk mai sayen irin wannan na'ura ya juya bayanta ya nemi 50Hz kafin ya taya.

Wanki bai ba ni wahala ba. Ruwan da aka tace irin na zuba wa batir, wanda babu asid a ciki, ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke, da ƙyalle mai laushi, ana bin layin faifan a zagaye, ba a jiƙa takardar tsakiya. A bar shi ya bushe a tsaye a inuwa. Guda biyu daga cikin na Baffa masu nauyi ne masu gudun 78, waɗannan kuwa ko kusa kada sifirit ya taɓa su, narkar da su yake yi, kuma allurarsu daban ce.

Da kiɗa ya fito daidai sai zancen kuɗi ya shigo. Wani abokina da ke yawan bin kasuwannin intanet ya ga tambarin kamfanin faya-fayai na Blue Note a jikin faifan Blakey, ya dafa kai, ya ce ai na yi arziki, irin waɗannan dubban daloli ake sayensu. A daren nan ban yi barci ba. Na shiga Discogs, wato babbar ma'ajiyar bayanan faya-fayai da aka kafa a 2000, na rubuta sunan faifan, sai ga jerin bugu iri-iri, duk suna ɗaya, hoto ɗaya, amma farashi kamar sama da ƙasa. A nan na fara koyon cewa kwalin faifai ba ya faɗa maka shekarar da aka buga wanda ke hannunka. Sai ka duba takardar tsakiya, sannan ka duba ɗan filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar, inda allura ke ta zagaye in faifai ya ƙare. A nan ake karce lambobi da alamu, kuma ba a ganinsu sai an karkata faifan a gaban fitila.

Ga yadda lissafin Blue Note yake, kamar yadda na haddace shi bayan na sha wuya. Kamfanin, wanda Alfred Lion ya kafa a 1939, yana rubuta adireshinsa a takardar tsakiya, adireshin kuma yana sauyawa da zamani: 767 Lexington Avenue har wajen 1957, sai 47 West 63rd Street, sai New York USA kawai daga wajen 1962, sannan A Division of Liberty Records daga 1966 bayan an sayar da kamfanin. A cikin filin nan mai santsi kuma ana neman abu biyu. Ɗaya sunan injiniyan sauti Rudy Van Gelder, ko dai haruffa uku RVG ko cikakken VAN GELDER. Ɗayan wata 'yar alama ce mai kama da kunne, wadda a gaskiya harafin P ne na Plastylite, masana'antar da ke buga wa Blue Note faifai har 1966. The African Beat an ɗauke shi ranar 24 ga Janairu 1962, lambarsa 4097 in mono ne, 84097 in sitiriyo ne. Na kashe fitilar ɗaki, na kunna ta waya, na juya faifan Baffa ya fi sau ashirin ina neman kunne. Babu. Takardar ma Liberty ta ce. Ke nan an buga shi aƙalla shekara huɗu bayan na farko. Wani abin da ya kamata a sani: ko takarda ta ce New York USA, in babu kunne to a yi hattara, domin bayan cinikin an ci gaba da liƙa ragowar tsofaffin takardu a kan sabon bugu. Na faɗa wa abokina arzikin ya fasa zuwa. Amma a bayan kwalin na ga abin da ya fi mini kuɗin daɗi: cikin makaɗan akwai Solomon Ilori, ɗan Najeriya, akwai kuma Yusef Lateef da kansa. Ashe Baffa ba da ka ya haɗa faya-fayen biyu ba.

Na Lateef ne ya fi rikita ni. Faifan Baffa yana ɗauke da tambarin kamfanin Prestige, lamba 7319, takarda shuɗiya mai hoton mashi mai baki uku. A wani wuri kuma na ga Eastern Sounds a ƙarƙashin Moodsville, lamba 22. Wani ya ce 1961, wani 1962, wani 1964. Na yi kusan wata ina ganin kamar wani ne ke ƙarya. A lokacin ne na san akwai wani fanni mai zaman kansa da ake kira diskogirafi, wato kundin da ke bin kowane zaman ɗaukar sauti: rana, wuri, su wa suka yi kiɗa, me kowa ya busa ko ya kaɗa, da kuma faya-fayen da abin ya fito a kai daga baya. Tsohon ilimi ne. Bafaranshe Charles Delaunay ya fitar da nasa tun 1936, Brian Rust na Ingila ya bi na zamanin farko har zuwa 1942, Michel Ruppli ya bi kamfani-kamfani har da Prestige, na Tom Lord kuwa shi ne mafi faɗi a yau, amma sai an biya. Ni da na kyauta na fara, jazzdisco.org, inda aka jera zaman Prestige shekara bi shekara. Nan take hazo ya washe. Zama ɗaya ne tak, ranar 5 ga Satumba 1961, a situdiyon Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey: Lateef, Barry Harris a fiyano, Ernie Farrow a babbar jita mai tsayuwa, Lex Humphries a ganguna. Moodsville reshen Prestige ne, a can ya fara fita, daga baya uwar kamfanin ta sake fitar da shi da sabuwar lamba. Babu wanda ya yi ƙarya. Kowa ranar da ya kama daban ce: akwai ranar ɗauka, akwai ranar fitowa, akwai ranar da aka buga kwafin da ke hannunka. Da na san wannan tun farko da na huta.

Sai dai sanin bai hana ni yin wauta ba. Na ga wani faifai mai tagwaye na Lateef, Blues for the Orient, wanda Prestige ta fitar a shekarun 1970, da araha, na saya ta hannun wani ɗan ajinmu da ke karatu a Ingila, ya taho mini da shi da ya zo hutu. Na ɗora, sai na ji kiɗan da na riga na haddace. Rabinsa Eastern Sounds ne aka sauya wa riga, ɗaya rabin kuma wani zama na 1957. Da na buɗe kundin kafin in biya, minti biyu ya isa in gani. Karo na biyu ya fi ciwo. Na sayi wani sabon bugu a leda, mai nauyi, an rubuta gram 180 da manyan haruffa, ina murna zan ajiye na Baffa ya huta. Sautinsa ya fito a daskare, ba zurfi, tsohon faifan Baffa mai ƙaiƙayi da 'yan tartsatsi ya fi shi rai nesa ba kusa ba. Dalilin shi ne a Turai sautin da aka fitar kafin 1963 ya fita daga kariyar haƙƙin mallaka, don haka kowane ƙaramin kamfani yana iya buga shi ba tare da ya taɓa ganin tef ɗin asali ba, sau da yawa daga faifan CD ake kwafa. Nauyin roba ba ya ƙara wa sauti komai. Abin dubawa shi ne wa ke riƙe da tef ɗin kuma wa ya yanka faifan, wato wa ya zana layukan sautin a kan uwar faifan da ake bugawa daga gare ta. Tef ɗin Prestige ya koma hannun Fantasy a 1971, su suka yi jerin Original Jazz Classics a shekarun 1980, yanzu kuma yana hannun Concord. In ba ka ga ɗaya daga cikin waɗannan sunaye a bayan kwali ba, ka san abin da kake saye.

Duk wannan ban manta maganar Baffa ba. Na koma Samaru na yi ta tambaya, aka haɗa ni da wani malami da ya san zamanin. Zuwa uku na yi kafin in same shi zaune, na huɗu ya ara mini littafi bisa sharaɗin in dawo da shi cikin mako biyu, ya kuma rubuta sunana a bayan wata ambulan. Littafin shi ne Hausa Performing Arts and Music na 1987, wanda Ziky Kofoworola da Yusef Lateef suka rubuta tare. Mutumin da aka haifa a Chattanooga a 1920, ya tashi a Detroit, ya musulunta wajen 1950, ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985 a matsayin babban mai bincike, kuma sarewar Fulani na cikin abin da ya fi mai da hankali a kai. Shi kansa, lokacin da yake raye, ba ya son a kira kiɗansa jazz, yana da sunan da ya raɗa masa, amma a shagunan duniya a layin jazz za ka same shi, don haka da wannan sunan nake nema. Littafin bai ba ni jerin faya-fayai ba, ba aikinsa ba ke nan. Na koma kundi na bi shekarun, sai ga shi: zama a Legas a 1983, wanda ya fito a Amurka a 1985 da suna In Nigeria, a kamfanin Landmark na Orrin Keepnews. Faifan da aka ɗauka a Legas, mai kiɗan a lokacin yana zaune a Zariya, amma ni da ke Zariya sai na aika ƙetare a kawo mini.

Sayen ya ɗauki wata biyu da 'yan kwanaki. Masu sayarwa suna auna lafiyar faifai da haruffa: NM kusan sabo, VG+ an ɗan yi amfani da shi amma lafiya lau, VG akwai ƙara a ƙasa, G kuwa, wato Good, mai kyau, kada kalmar ta ruɗe ka, ya ji jiki. Awo biyu ake bayarwa, na faifai da na kwali. Na zaɓi wani VG+ a kan dala 22, na rubuta wa mai shi ya turo mini hoton takardar tsakiya da na filin nan mai santsi. Ya yi kwana huɗu kafin ya amsa, ya turo, sannan ya ce shi ba ya aika kaya Najeriya. Na biyu ma haka. Na uku ya yarda ya aika zuwa wani adireshi a cikin Amurka, na masu tara kaya su turo gida, waɗanda na yi rajista da su da katin shaida da lambar waya. Sai biya ya tsaya: katina na naira ya ƙi wucewa sau uku. Na je banki aka ce sai asusun dala, na kawo hoto, katin ɗan ƙasa, takardar wuta da masu tsaya mini biyu, na jira kwana tara kafin kati ya fito. Allah ya taimake ni faifan bai tafi ba. Na roƙi mai sayarwa ya zare faifan daga kwalinsa ya ajiye su gefe da gefe a cikin kunshin, domin in an bar shi a ciki, girgizar hanya tana sa bakinsa ya tsaga kwalin. Jigila daga can zuwa Legas, da kuɗin fito, da motar da ta kawo shi Arewa, sun haura kuɗin faifan da kansa. Da zan sake, sai in tara guda huɗu ko biyar a turo su tare. Mako shida ina duba lambar bin sawu safe da yamma, tsawon kwana goma sha ɗaya ma ba ta motsa ba, har na fitar da rai.

Ranar da aka kira ni na karɓa, a watan Afrilu ne. Na jefa kunshin a kujerar baya na tsaya ɗaurin aure, mota a rana awa biyu. Wannan laifina ne ni kaɗai. Da na buɗe, gefen faifan ya ɗan ɗaga kamar bakin faranti. Na sa shi tsakanin gilashi biyu masu kauri, na ɗora littattafai, na bar shi mako uku a ɗaki mai sanyi ban taɓa ba. Ya kwanta har allura tana iya bi, amma in ka duba daga gefe za ka ga hannun na'urar yana hawa yana sauka kamar kwalekwale. Zafinmu ba ya wasa da roba. A tsaye ake jera faifai, ba a kwance ba, nesa da taga da bangon da rana ke duka, kuma lokacin hunturu sai an goge ƙura kafin kowace ɗorawa.

Yanzu ina da littafin rubutu mai layi, kowane faifai da shafinsa. A sama ina rubuta ranar ɗauka da wurin da makaɗan, daga kundi. A tsakiya kamfani da lamba da abin da takardar tsakiya ta ce. A ƙasa duk abin da na karanto da fitila daga filin nan mai santsi, harafi bi harafi. Ba na ƙara biyan ko kwabo sai na cike saman shafin tukuna, domin a nan ake gane ko kiɗan da ake tallata maka sabo ne ko wanda kake da shi ne ya sake riga. Kuma ba na dogara da wuri ɗaya: Discogs masu sha'awa ne ke cika shi, kuskure yana shiga, sai ka gwada da kundi da kuma rubutun bayan kwali. Na kuma daina raina bugu na biyu. Faifan Baffa na Prestige ba na farko ba ne, amma VAN GELDER na nan a karce a jikinsa, hannun da ya ɗauki sautin shi ya yanka shi, kunnena kuwa bai nemi fiye da haka ba.

Na ɗauki na'urar da faifan Legas na kai wa Baffa ranar wata Juma'a bayan la'asar. Wuta ta ɗauke muna cikin gefen farko, muka jira har magariba ta wuce. Da ta dawo ya sa aka kira Inna, ya zauna ya rufe ido har aka gama. Sai ya ce akwai wani faifan kuma, wanda cibiyar da kanta ta buga a lokacin, yana tuna an kawo shi ofis, sunansa Hikima. Na ce na ga sunan a kundi, 1983, har ma an sake buga shi a waje a 'yan shekarun nan. Ya ce shi ba na waje yake nufi ba, na nan, kuma yana jin akwai wanda ya ajiye a Tudun Wada, in bai mutu ba. Na buɗe sabon shafi na rubuta sunan da shekarar, sauran layukan na bar su fayau. Baffa ya nuna na'urar da haɓa ya ce, "Juya mana ɗaya gefen."